Hamidu Dodoru da Akwatin Awon Gulbi

A Dodoru aka haifi Hamidu, ɗa na huɗu a gidan mai haƙar rijiya. Ubansa ya so ya gaje shi, amma tun yana firamare hankalinsa ya tafi ga rumfar wani mai gyaran rediyo a kasuwar Gwandu. Can ya koyi riƙe ƙarfen narka dalma, can kuma ya ɗauko halin da mutane suka yi ta kuka da shi daga baya: in aka ce masa abu ya mutu, sai ya ce a nuna masa inda ya mutu. Ya yi shekara biyu a makarantar fasaha a Birnin Kebbi, ya fito da 'yar takarda irin wadda ba ta kai mutum kujerar injiniya, amma tana ba shi damar riƙe sukudireba a wurin aikin hukuma.

A shekarar 1988 wani shirin bunƙasa noman fadama ya buɗe ofis a Kalgo, aka ɗauki Hamidu ƙaramin ma'aikacin lantarki. Lokacin ya auri Kubura, malamar firamare, har sun haifi 'yarsu Binta. Wani kamfanin ƙasar waje ya turo Turawa uku, suka kafa akwatunan ƙarfe guda shida a kan dogayen turaku a bakin gulbi, don awon tashin ruwa da saukarsa. Aikin Hamidu shi ne ya zaga su a kan babur, wani wurin a kwalekwale, ya canja batir, ya goge ƙura, ya rubuta abin da ya gani a littafin aiki.

Da yake shi mai tambaya ne, kafin Turawan su tafi sai da ya fahimci yadda abin ke aiki. A ƙasan ruwa akwai wani ɗan ƙarfe mai jin nauyin ruwan da ke kansa, yana turo 'yar wuta ta cikin waya. Ruwa ya ƙaru, wutar ta ƙaru. A cikin akwatin akwai koren allo mai faɗin tafin hannu biyu, shi ke juya wannan wuta ta zama lamba, sannan a aika lambar ta iska zuwa ofishin Kalgo. A tsakiyar allon kuma akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu ashirin, irin wanda masu gyara ke kira aisi. Wannan aisin ba kamar na rediyo ba ne. Fanko ake yin sa, sai mai zanen allon ya rubuta masa dokoki da na'ura: yaushe za a karanta, yaushe za a riƙe, yaushe za a miƙa lamba gaba. Turawan suka ɗaure kowane akwati da waya da hatimin dalma, suka ce ba mai buɗewa sai ɗan kamfani. A 1990 suka tattara kayansu suka tafi, ba a sake ganin ɗan kamfani ba.

Shekara biyu bayan haka akwati na uku ya yi shiru. Shi ne mafi muhimmanci, don yana can sama a wuri mai zurfi, kuma ruwan da ya wuce ta gabansa sai ya kwana biyu kafin ya iso gonakin shinkafar Kalgo. Hamidu ya kai rahoto sau uku, aka ce ana jiran amsa. A zuwa na huɗu ya sa filaya ya datse hatimin. Zanzaro ne ya shiga ta ramin waya ya yi gini a kan allon. Ya kankare lakar da tsinke, ya wanke wurin da burushin haƙori, akwati ya ci gaba da magana. Ya koma ofis ya rubuta a littafin aiki cewa ranar kaza shi Hamidu ya buɗe akwati na uku. Ba wanda ya ce masa uffan, don kowa ya ji daɗin dawowar lamba.

Daminar 1994 ta zo da ruwa irin wanda tsofaffi suka ce rabonsu da shi tun suna samari. Wata Talata da safe akwati na uku ya aiko mita huɗu da santimita takwas. Da la'asar sai ya aiko santimita talatin. Injiniya Yusufu, shugaban ofishin, ya dubi takardar ya ce na'ura ta rikice, a dakata da aika gargaɗi har a tabbatar. Hamidu ya ce ko ta rikice ko ba ta rikice ba, gulbin da ya kai mita huɗu da safe ba ya ƙafewa kafin la'asar, a tura mutum ya shaida wa manoma. Injiniya ya ce ba zai tayar da hankalin gari a kan zato ba. Ranar Alhamis ruwa ya haura ganuwar fadama, ya shanye shinkafar da saura mako guda a yanke.

Hedikwata ta turo kwamiti. Suka zauna a ofishin Injiniya, suka buɗe littafin aiki, ba su sha wuya ba suka ga rubutun Hamidu na shekara biyu da suka wuce. Aka kira shi, aka tura masa takarda bugaggiya da ke cewa ya buɗe kayan hukuma ba da izini ba, ya lalata su, yana neman afuwa. In ya sa hannu, gargaɗi kawai za a yi masa.

Hamidu ya karanta har ƙasa, ya mayar da ita kan teburin.

"Ranka shi daɗe, rabin farko gaskiya ne, na buɗe. Rabi na biyu ƙarya ne. Ku raba takardar biyu in sa hannu ga nawa."

Shugaban kwamitin ya ce, "Malam Hamidu, taimakonka muke yi. Kana da iyali."

"Ina da su. Shi ya sa ba ni son 'yata ta girma ta ji an ce ubanta ya ci shinkafar mutane, ya kuma rubuta da hannunsa cewa shi ne."

Aka dakatar da shi daga aiki a ranar.

Bai zauna gida ba. Ya riga ya kwafe lambobin makon ambaliyar a bayan wata takardar siminti, kuma abu guda ya hana shi sukuni: bayan lambar ta faɗo santimita talatin, ba ta yi hauka ba. Ta ci gaba da hawa a hankali, hamsin da biyar, sittin da takwas, saba'in da ɗaya, kamar yadda ruwa ke hawa. Allon da ya lalace ba ya lissafi da natsuwa haka. Sai ya tafi wurin Baba Sule, wani tsohon masunci kuma manomi da ke kai shi akwati na uku a kwalekwale, wanda shi ma gonarsa ta tafi. Tsohon ya tarbe shi fuska a murtuke.

"An ce kai ka kashe muna akwati."

"Baba, haka aka ce. Kai ni in ga inda ruwa ya tsaya, in ni ne sai ka tura ni ciki."

Suka je. A jikin turken akwatin ruwa ya bar zanen laka. Hamidu ya auna tun daga inda ɗan ƙarfen yake har zuwa zanen, ya samu mita huɗu da santimita tamanin. Ya cire saba'in da ɗayan da akwati ya faɗa, saura mita huɗu da tara. Ya zauna a cikin kwalekwalen, ya ce:

"Baba, akwatin nan bai iya ƙirga abin da ya wuce mita huɗu da tara ba. In ya kai nan sai ya koma farko. Tun ranar da aka kafa shi haka yake, ruwa ne bai taɓa kai wurin ba."

"To, wa za ya yarda da kai?"

"Ba sai sun yarda da ni ba. Akwai wani akwatin a sito, sabo, da hatiminsa, ban taɓa sa masa hannu ba. Ina son mutane da bokitai."

Ranar Litinin da hantsi Injiniya Yusufu ya leƙo ta taga ya ga manoma sun fi arba'in a harabar ofis. Sun ɗaga bututun rijiyar burtsatse mai tsawon mita shida, sun toshe gindinsa, sun ɗaure shi a tsaye jikin ƙarafan tankin ruwa. Ya fito yana faɗa, ya ce wanda aka dakatar ba shi da hurumin shigowa nan. Baba Sule ya matso, ya cire hularsa.

"Injiniya, mu ba faɗa munka zo ba. Abincin shekara munka rasa. In yaron ga ne, mu sani. In ba shi ba ne, mu sani. Ba mu makullin sito."

Injiniya ya dubi fuskokin, ya aika aka ɗauko akwatin. Hamidu ya ƙi taɓa shi. Ya sa Injiniya da kansa ya duba hatimin, ya haɗa batir, ya zura ɗan ƙarfen har ƙasan bututu. Wani ya hau tsani, bokitai suka fara tafiya hannu zuwa hannu. Akwai ɗan gilashi a gaban akwatin mai nuna lamba, Injiniya na karantawa da ƙarfi. Mita ɗaya. Mita biyu da rabi. Uku da tamanin. Hamidu ya ce a bar bokiti, a koma zubawa da moɗa. Huɗu da biyar. Huɗu da takwas. Huɗu da tara. Aka ƙara moɗa guda, Injiniya ya goge gilashin ya sake dubawa.

"Karanta mana," in ji Hamidu.

"Sifili," in ji Injiniya.

Baba Sule ya ɗaga kai ya dubi bututun da ke cike har sama da tsawon mutum biyu, ya ce, "Ashe ruwan ga duk babu shi."

Kwamiti ya janye maganar lalatawa, amma ya bar ta buɗewa ba izini. Aka mayar da Hamidu aiki, aka kuma ɗauke shi daga Kalgo zuwa Gwandu, wai ya riƙa kula da injinan ban ruwa na wajen Malisa. Aka rubuta wa kamfanin wasiƙa biyu, ba amsa. Ranar da zai tashi ya shiga wurin Injiniya ya ce a ba shi allon akwatin da aka yi gwaji da shi, haɗe da ɗan ƙarfensa da gilashinsa. Injiniya ya ce ba shi da ikon bayarwa. Sannan ya ajiye makullin sito a kan tebur, ya ce zai je sallah, kuma yakan daɗe.

A Gwandu suka kama gida mai ɗan zaure, nan Hamidu ya baje allon a kan tabarma. Kullum in ya dawo daga Malisa, tsakanin la'asar da magariba, nan za a same shi. Mako biyu ya yi yana bin layukan allon da na'urar gwajin wuta kafin ya kama ɓarawon. Ɓangaren da ke juya wuta zuwa lamba lafiya lau yake, yana fitar da lambar a kan wayoyi goma sha biyu. Aisin nan mai dokoki shi ke ba da umarnin a miƙa goma sha ɗaya a bar ta ƙarshe, wadda ita ce babbarsu, ita ke riƙe da mita huɗu da tara. Gyara kuwa sai an sake rubuta dokokin a sabon aisi, kuma kamfanin ya kulle nasa yadda ba na'urar da za ta karanto abin da ke ciki.

Kubura ta ce, "To Baban Binta, ai an zo ƙarshe."

Ya ce, "Sun hana a karanta shi, ba su hana a tambaye shi ba."

Ya cire aisin, ya dasa shi a kan wani katako. Ƙafafu goma na shigar da umarni ne, ya sa wa kowace makunni. Takwas na fitar da amsa ne, ya sa wa kowace 'yar fitila. Biyun da suka rage na wuta ne. Makunni goma ana iya jera su hanya dubu ɗaya da ashirin da huɗu, ya ce duk sai ya bi su. Kubura ta ja layuka a littattafan makaranta, ta zauna gefensa da biro. Shi yana kunnawa yana kashewa yana faɗin fitilun da suka kama, ita tana rubutawa. Maƙwabta suka fara cewa tun da aka koro shi daga Kalgo kansa ya taɓu, har ya ja matarsa ciki.

Sun kai wajen ɗari huɗu, wata rana ya maimaita wani jeri bisa kuskure, Kubura ta tsayar da biro.

"Tsaya. Shekaranjiya da muka yi wannan, fitila ta shida a kashe take. Yau ga ta a kunne."

Ya ce ta yi kuskuren rubutu. Ta ce ita shekara tara tana duba jarrabawar yara, ba ta rubuta abin da ba a faɗa ba. Suka yi musu har Binta ta leƙo. Da ya sake gwadawa sai ya ga gaskiyarta: fitila ta biyar da ta shida ba makunnan yanzu kaɗai suke bi ba, suna tuna abin da aka yi kafin nan. Wato aikin mako uku ya zama na sakewa. Hamidu ya fita waje ya zaga gidan sau biyu, ya dawo ya ce ta ja sababbin layuka, da gurbin abin da ya gabata.

Wata uku suka ɗauka. Da littattafai suka cika biyar, ya zauna yana tace su, yana haɗa masu kama da juna, har duk tarin nan ya koma layi takwas a takarda guda, kowace fitila da dokarta. A layi na bakwai ya ga abin. Inda ya kamata mai zanen ya rubuta ƙafa ta takwas, ya rubuta ta tara. Ya daɗe yana kallon wurin. Kubura ta ce ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba, ko ranar kwamiti.

"Lamba guda," ya ce. "Wani ya zauna cikin sanyi ya yi kuskuren lamba guda, ya rufe da hatimi don kada a gani, mutum ɗari biyu suka kwana da yunwa. Kuskure kowa na yi. Hatimin ne ban yafe ba."

Na'urar rubuta aisi babu ita a Kebbi a iya saninsa. Akwai wani abokin karatunsa, Lukuman, da ke gyaran kayan tarho a Kaduna, wurin aikinsu akwai kwamfuta da irin wannan na'ura. Hamidu ya hau motar safe da takardarsa a aljihun ciki. Lukuman ya samo masa aisi fanko guda biyu, suka buga layukan takwas, aka rubuta. Ya dawo Gwandu ya dasa, lamba ta tsaya cak a wuri guda ta ƙi motsi. Kwana huɗu yana nema kafin ya gane shi ma ya juya wata doka a kife, inda za a ce kashe ya ce kunna. Ya faɗa wa Kubura da bakinsa cewa wannan nasa ne. Ya sake hawa mota zuwa Kaduna. A karo na biyu, da ya tsayar da bututu jikin bishiyar darbejiya a ƙofar gida aka cika shi, lamba ta wuce huɗu da tara ba ko tuntuɓe, ta tsaya a biyar da casa'in, inda ruwa ya fara zuba ta baki.

Ya kai wa Injiniya Yusufu labari a watan Yuni, gulbi ya fara motsi. Injiniya ya ce madalla, amma sai hedikwata ta ba da izini kafin a sa wani abu a akwatin hukuma.

"Yaushe izinin zai zo?"

"Ka san yadda abin yake."

"Na sani. Ruwa kuma ba ya bi ta hedikwata."

Washegari Baba Sule ya tuƙa shi zuwa akwati na uku. Hamidu ya cire aisin kamfani ya sa nasa, ya dawo ofis da tsohon aisin a cikin kwalin ashana ya ajiye wa Injiniya a tebur, ya ce ga kayansu, in suna so su mayar, hanya a buɗe take. Aka ba shi takardar tuhuma ta biyu, aka tsallake shi a ƙarin girman shekarar da na wadda ta biyo. Ba wanda ya je ya mayar. Daminar nan ruwa bai kai ko mita huɗu ba, haka biyun da suka biyo ta, har masu cewa ya wahalar da kansa a banza suka samu bakin magana. Sai a 1998 gulbi ya sake cika. Akwati na uku ya aiko huɗu da arba'in, aka tura mai shela, mutane suka shiga fadama da lauje suka yanke abin da ya nuna, suka kwashe injinansu. An yi asara, amma ba wanda ya rasa duka.

Bayan sallar layyar da ta biyo baya, wata motar hukuma ta tsaya a ƙofar gidansa a Gwandu. Direban ya sauko da kwali, a ciki alluna goma sha ɗaya naɗe cikin tsofaffin jaridu. Ashe irin akwatunan nan akwai su a wasu ofisoshin shirin guda uku, kuma labari ya kai can. Babu wasiƙa. Direban ya ce an ce ya ajiye, ya dawo bayan wata guda ya ɗauka.

Hamidu ya duba allunan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su cikin kwalin, ya ɗora wa direban a hannu.

"Koma da su. Ka ce ban ƙi ba, amma kowane ofis akwai mai canja batir irina. Shi nake so a turo, da allonsa a hannunsa. In na gyara na ba ka, ranar da na mutu an koma gidan jiya."

Direban ya ce shi ɗan aike ne, kada a ja masa. Hamidu ya ce to ya isar da aiken.

Mako uku ba labari. A na huɗu mutum uku suka sauka daga motar haya a tashar Gwandu suna tambayar gidan Hamidu mai akwati, dukansu magidanta, ɗaya har da furfura. Ba ofis ne ya turo su ba, direban ne ya ba su labari, suka nemi hutun kwana biyar suka taho. Hamidu ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, Kubura ta aiko da fura. Da suka sha, ya ɗauko katakon nan mai makunni goma ya ajiye a tsakiya, ya ba kowa biro da takarda. Mai furfurar ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, yana tsoron kada ya ɓata wani abu.

"Za ka ɓata," in ji Hamidu. "Matso kusa, kama makunnin farko."